Nana Asma'u Ɗiyar Shehu: Luɗufin Ubangiji a Cikin Shekarun Rashi

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Mai rayarwa, Mai kashewa, wanda ba a tambayar Sa dalilin abin da Ya hukunta. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, babu limamin da ya daɗe yana zaman makoki a garuruwanmu na Arewa, daga Dogon Kiriya har Dogon Dutsi da Tibiri, da bai saba jin wata irin magana daga bakin waɗanda aka yi wa rasuwa ba. Wannan ya ce ranar da mahaifinsa ya cika ita ce ranar da matarsa ta sauka. Waccan ta ce ɗanta da ya shekara bakwai yana bida a Kwatano ya iso gida ba tare da an aika masa ba, kwana ɗaya kafin uban ya kwanta ciwon ajali. Sai su tambayi malam ko wannan yana da ma'ana. Idan malam ya yi shiru ko ya yi musu tsawa, akwai wanda ba zai yi shiru ba, shi ne boka da mai bori, kuma ƙasarmu ba ta rasa su ba. Saboda haka muka ga ya dace a wannan fitowa mu kawo tarihin wata baiwar Allah da ta binne kusan duk wanda take ƙauna, ta kuma bar mana misalin yadda mumini yake duban irin waɗannan dacewa ba tare da ya faɗa cikin camfi ba. Ita ce Nana Asma'u, ɗiyar Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya gafarta musu baki ɗaya.

An haife ta a Ɗegel cikin shekarar 1793 ta Miladiyya. Mahaifinta kuwa an haife shi a Maratta, kusa da Galmi, cikin ƙasarmu ta Nijar, a 1754. Ke nan ba tarihin wasu baƙi na nesa muke bayarwa ba. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan'uwanta namiji, aka raɗa masa Hasan. Kowa ya san al'adarmu: da an bi ta, da Hasana ko Usaina za a kira yarinyar. Amma Shehu ya raɗa mata Asma'u, sunan ɗiyar Sayyidina Abubakar Siddiƙu (R.A.), wadda ta riƙa kai guzuri Kogon Sauru lokacin da Manzon Allah (S.A.W.) da mahaifinta suke ɓoye a kan hanyar hijira zuwa Madina. Ranar sunan nan babu maganar hijira a Ɗegel; jama'a tana zaune lafiya, ana karatu, Shehu yana fita wa'azi yana komowa. Shekara goma sha ɗaya bayan haka, yarinyar da aka raɗa wa sunan ɗiyar hijira ta fita da ƙafarta tana hijira bayan mahaifinta. Ba mu ce Shehu ya san gaibu ba, don gaibu na Allah ne Shi kaɗai. Abin da muke cewa shi ne, wanda Ya sanya sunan a zuciyar uban, Shi ne Ya rubuta tafiyar.

Rashin farko ya same ta tun ba ta san ma'anar rashi ba. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu Asma'u tana ƙarama ƙwarai, sai renonta ya koma hannun sauran matan Shehu, cikinsu har da Hauwa'u, mahaifiyar Muhammadu Bello. A nan ya kamata mai karatu ya dakata. Bello ya girme ta da shekara goma sha biyu, kuma ba uwarsu ɗaya ba. A gidan da yake da ɗakuna da yawa, ƴan uba sukan tashi kowa da ɓangarensa, ba sai mun yi wa kowa bayanin wannan ba. Maraicin nan shi ya kusantar da ita ga ɗakin su Bello, aka sami shaƙuwa da amana tsakanin wa da ƙanwa wadda ta wuce shekara arba'in, kuma daga cikinta ne mafi yawan aikin da muke tunawa da ita saboda shi ya fito. Matan da suka yi kuka a Ɗegel ranar da aka ɗauki gawar Maimuna, suna duban ƴan tagwayen da aka bari, babu wadda za ta iya hango haka.

A watan Zulƙida na 1218, wato Fabrairu 1804, bayan da zama ya gagara tsakanin jama'a da Sarkin Gobir Yunfa, Shehu ya fita daga Ɗegel zuwa Gudu. Gudu tana daf da iyakar da Turawa suka shata daga baya, kuma sunan Matankari da na Ƙonni suna cikin garuruwan farko da littattafan jihadi suka ambata a wannan shekara. Ba ma ɓoye cewa kakanninmu na Arewa da yawa ba su kasance a sahun Shehu ba a wancan zamani, kuma Lugu da Bagaji sun daɗe a kan addinin gargajiya. Shiriya ta Allah ce, Yana kawo ta lokacin da Ya so. Cikin waɗanda suka taimaki Shehu a wannan tafiya akwai Aliyu Jeɗo, shugaban Fulanin yankin Ƙonni, da wani malami Buzu mai suna Agali, wanda aka ɗora littattafan Shehu a kan raƙumansa. Mutanen da suka bar gidajensu da rumbunansu, aka ce su zaɓi abin da za a ɗora wa raƙumi, suka zaɓi takardu. Yarinya mai shekara goma sha ɗaya tana kallo. Ita ce daga baya za ta zama cikin masu tsare waɗannan takardu da tsara su.

Shekarun da suka biyo baya na wuya ne, kuma ba za mu tsawaita a kansu ba. An yi nasara a Tabkin Kwatto a watan Yuni 1804. Kafin shekarar ta ƙare aka yi Tsuntsuwa, inda jama'a ta rasa mutane wajen 2000, cikinsu mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Aka koma Sabon Gari a ƙasar Zamfara, aka koma Gwandu a 1805, aka sha wuya a Alwasa, ga yunwa, ga cuta. Alƙalawa ba ta faɗi ba sai a 1808. A cikin wannan hali aka aurar da Asma'u ga Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda ya zama Wazirinsa daga baya. Wanda ya san wahalar da ake sha kafin yaro ɗaya ya haddace izu sittin, shekarun allo da tawada da tsangaya da bara, shi zai gane abin da ake nufi da mahaddata 200 a rana ɗaya. Muna ganin ba banza ba ne yarinyar da ta ji kukan matan waɗannan mahaddata ta zo daga baya ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani duka 114 a cikin gajeriyar waƙa, da Fulatanci sannan da Hausa, don mace mai daka da tsohuwar da ba ta taɓa riƙe allo ba su iya riƙe su a ka.

Jama'ar Shehu ba su kalli abubuwan da suka same su a matsayin faɗuwar ƙasa kawai ba. Sun auna su da Sira. Suka ga an fitar da su daga gidajensu kamar yadda aka fitar da Sahabbai. Suka ga nasarar farko ta zo musu suna ƴan kaɗan, sai suka tuna Badar. Da aka karya su bayan haka, suka tuna Uhudu, suka san cewa karyewa ba alamar Allah Ya yashe su ba ce. Shehu da kansa ya yi waƙa yana lissafa wuraren da rayuwarsa ta dace da ta Manzon Allah (S.A.W.), yana mai godiya, ba mai alfahari ba. Asma'u ta gaji wannan ido. A doguwar waƙarta ta begen Annabi, ta fi tsayawa a kan wuraren Sira da masu sauraronta za su ji kamar labarin iyayensu ake bayarwa: ƙuntatawa, hijira, yunwa, yaƙi, sannan buɗi.

To, a nan ne bambancin yake, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Shari'a ta hana shu'umci, wato mutum ya ga tsuntsu ko ya ji kukan wata dabba ko ya haɗu da wani mutum da safe, ya ce wannan ne zai jawo masa sharri, har ya fasa tafiya ko ya ƙulla gaba. Manzon Allah (S.A.W.) ya kore wannan, amma ya kasance yana son kyakkyawan fata, kamar ya ji suna mai daɗi ya kyautata zato ga Ubangijinsa. Mai camfi yana duban dacewa don ya san abin da zai faru gobe, ko don ya sami wanda zai ɗora wa laifin mutuwa. Sau nawa aka kira wata tsohuwa mayya a ƙauyukanmu don kawai ta shiga gida ranar da yaro ya fara zazzaɓi? Mumini kuwa yana duban abin da ya riga ya wuce, ya ga yadda aka shirya masa sauƙi tun bai san zai bukace shi ba, sai ya ƙara godiya da haƙuri. Na farko ba ya haifar da kome sai tsoro da zargi. Na biyu ba ya halatta haram, ba ya haramta halal, ba a gina hukunci a kansa, amma yana sanyaya zuciya. Malamai suna kiran wannan luɗufi, daga sunan Allah Al-Laɗifu, Mai isar da alheri ga bawa ta hanyar da bawan bai lura ba. Ummu Salama (R.A.) ta rasa Abu Salama tana ganin babu wanda zai maye mata gurbinsa, ta yi istirja'i kamar yadda aka koya mata, sai ga ta matar Manzon Allah (S.A.W.). Ba ta nemi alama ba. Ta yi abin da aka umarce ta, daga baya ta waiwaya ta gani.

Shehu ya koma Sifawa, daga nan ya koma Sakkwato a 1815. Ya rasu a watan Jimada Akhir 1232, wato Afrilu 1817, Asma'u tana da shekara ashirin da huɗu. A cikin wannan shekara kuma Hasan, wanda suka kwanta ciki ɗaya, ya bi bayan mahaifinsu. Uba da abokin tagwaitaka a shekara guda. Masu karatun Sira za su tuna shekarar baƙin ciki, wadda Nana Hadiza (R.A.) da Abu Ɗalibi suka rasu a cikinta. Ba a gama zaman makoki ba sai fitina ta tashi: Abdussalami ya yi tawaye a Kware, garuruwa da dama suka warware alkawari, aka kuma sami ɗan sanyin zumunci tsakanin Bello da baffansa Malam Abdullahi na Gwandu, har Allah Ya daidaita su a Kalambaina. A irin wannan lokaci ne, wajen 1820, ta rubuta littafinta na farko da aka sani, Tanbihul Gafilina, da Larabci. Mace mai ƙananan ƴaƴa, mijinta kullum yana kan doki cikin hidimar Sarkin Musulmi, ga baƙi ba sa yankewa a gidan Waziri, amma abin da ta yi da baƙin cikinta shi ne ta ɗauki alƙalami.

Daga nan rasuwa ta riƙa zuwa mata bi da bi, ita kuma tana bin kowace da marsiyya. Malam Abdullahi ya rasu a 1829. A 1836 Bello ya yi nasara a Gawakuke, a kan rundunar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye, ta yi waƙa a kan wannan yaƙi; shekara ɗaya bayan haka, a Rajab 1253, wato Oktoba 1837, Bello ya rasu a Wurno. Wannan ne rashin da ya fi girgiza ta, domin shi ne wa, shi ne malami, shi ne abokin shawara. Kafin rasuwarsa ya tattara tarihin salihan mata a cikin Kitabun Nasiha, ita kuma ta mayar da shi waƙa, ta ƙara da sunayen matan jama'ar Shehu da ta sani da idonta. Aikin ya kammala daf da rabuwarsu. Da ya yi jinkirin shekara biyu, da babu mai ba da umarnin; da ita ma ba ta tashi kusa da ɗakin mahaifiyarsa ba, wa ya san ko zai ga abin da ya gani a cikinta?

Abin mamaki, shekarun da suka biyo bayan wannan rashi su ne mafi albarka a rayuwarta. Giɗaɗo ya tsufa, ya janye daga hidimar mulki, wazirci ya koma hannun ɗansu Abdulƙadir. Miji da mata suka zauna suna tattara abin da suka gani tun daga Ɗegel, don sun lura waɗanda suka halarci hijira suna ƙarewa. Shi ya rubuta Raudul Jinan da wasunsa a zube da Larabci, ita ta tsara tarihin a Waƙar Gewaye, yadda za a rera shi a tsakar gida. Ta rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839, a kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani. Tun kafin haka ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa. Ta san Larabci da Fulatanci da Hausa da Buzanci, kuma abin da ya iso gare mu na rubutunta ya kai wajen 60.

Me ya sa ta karkata ga Hausa, alhali harshen gidansu Fulatanci ne, harshen malanta kuma Larabci? Saboda yaƙi ya cika ƙasar da zawarawa da marayu da matan da aka kamo daga Gobir da Kabi da Zamfara, waɗanda aka raba da danginsu. Mace a cikin irin wannan ƙunci tana neman abin da za ta jingina da shi, kuma abin da ta sani tun tana yarinya shi ne bori. Asma'u ta yi gargaɗi mai tsanani a kan bori, amma ba ta tsaya ga gargaɗi ba, kuma a nan muke ganin ta fi da yawa daga cikinmu masu wa'azin yau hikima. Ta san ba a ƙwace wa mai baƙin ciki sandarsa a bar shi tsaye hannu wofi. Sai ta kafa tsarin da aka sani da Ƴan Taru. A kowane ƙauye ta zaɓi dattijuwa mai hankali da amana, ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani. Jaji takan jagoranci tsofaffin mata da ƴan mata ƙanana zuwa wurinta, tunda matan aure ba su da halin doguwar tafiya; su koyi tsarki da salla da tauhidi da tarihin Annabi a cikin waƙa, su koma su koyar da na gida. Tare da karatun akwai aiki: duba marar lafiya, taimakon mai naƙuda, wankan gawa, share masallaci, sulhunta kishiyoyi.

Marsiyyoyinta na ƙarshen rayuwa sun fi kama mana zuciya fiye da na sarakuna. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, mace ce da babu littafin tarihi da zai ambace ta in ba don wannan ba. Ta yi wa Zaharatu, wadda take zuwa wurin masu haihuwa da wankan gawa duk lokacin da aka kira ta. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajinta, wadda ta yi shekaru tana kai da komo da ayarin mata. A 1855 ta yi wa aminiyarta A'isha, wadda suka taso tare tun zamanin hijira. Ba ta ɓoye zafin rabuwa a cikinsu ba, ta ambaci hawaye da kaɗaici, domin Shari'a ba ta hana kuka ba, kururuwa da yaga tufafi da zargin ƙaddara ta hana. Abin da take yi a kowace marsiyya shi ne ta lissafa ƙananan alheran mamacin, irin su haƙuri da maƙwabta, da kyauta a ɓoye, da riƙon zumunci, kamar mai ƙirga ni'imar da aka ba ta aro shekaru masu yawa kafin Mai ita Ya karɓi abinsa. Wannan ma wani nau'i ne na ganin luɗufi: cewa Allah Ya sanya wance ta zama maƙwabciyarka, ba wata ba, a shekarun da ka fi bukatar irinta. Mun sha gaya wa masu makoki cewa wanda ya iso gida kwana ɗaya kafin rasuwar mahaifinsa ba ya bukatar mai duba ya fassara masa kome. An ba shi damar neman gafarar uba da ɗaukar makararsa, wasu kuwa labari ne ya iske su a Legas ko Agadas bayan an yi sadakar bakwai. Abin da ya hau kansa shi ne godiya, da biyan bashin mamaci, da riƙe waɗanda ya bari.

Giɗaɗo ya riga ta, ta yi masa marsiyya. Ɗanta Waziri Abdulƙadir ma ya riga ta. Ta ga zamanin Sarakunan Musulmi Bello da Atiku da Aliyu Babba da Ahmadu ɗan Atiku, malamai suna rubuto mata wasiƙu har daga ƙasar Shingiɗi, ana kiran ta Uwar Gari. Ta rasu a 1280 ta Hijira, wato 1864, tana da shekara saba'in da ɗaya, aka binne ta a Hubbare, kusa da kabarin mahaifinta a Sakkwato. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon Ƴan Taru a bayanta.

Takardunta suka zauna a gidan Waziri. A watan Maris 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita gabas da jama'a mai yawa, ya yi shahada a Burmi cikin wannan shekara. Waziri Buhari, jikan Asma'u ta wajen ɗanta Ahmadu, ya komo gari ya zauna da waɗanda suka rage, al'amarin da ya yi masa nauyi ƙwarai har ya nemi fatawar malamai a kansa. Zamansa ya sa gidan bai watse ba, takardun ba su salwanta ba. Suka gangaro hannun ɗansa Waziri Junaidu, wanda aka haifa a 1906, ya kuma shafe rayuwarsa yana tsare su. Shi ne ya buɗe wa wata malama Baturiyar Ingila, Jean Boyd, ƙofar ɗakin littattafansa, ta yi shekaru tana bin su ɗaya bayan ɗaya, ta fitar da tarihin Asma'u a 1989. Daga baya ita da Beverly Mack ta ƙasar Amurka suka tattara rubuce-rubucenta duka a babban kundi guda. Kundin ya fito a 1997. A watan Janairu na wannan shekarar ce Waziri Junaidu ya koma ga Ubangijinsa, yana da shekara casa'in. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Nana Asma'u da iyayenta da mamatanmu baki ɗaya, amin.